Fuskar Inna a Takardar Yaya

Yanzu fuska ta yi arha. Duk wanda ya shigo gidan nan da waya a hannu, fuskoki ne cike da ita, na masu rai da na matattu, har da na mutanen da bai taɓa gaisawa da su ba. Ran suna a ɗauka, ran biki a ɗauka, mace tana tuƙin tuwo a ɗauka. In ba ta yi kyau ba a goge a sake. Ni dai ina zaune ina kallo. A zamaninmu fuska ɗaya ke ga mutum, wadda ke jikinsa, in an rufe shi an rufe da ita. A manyan ƙauyenmu uwata ce kaɗai ta samu ta biyu, a takarda. Ni kuma na goge ta da babban yatsana na dama. Ba wanda ya sa ni.

Ƙauyenmu yana ƙasar Gangara, a bakin hanyar da motocin kasuwa ke bi. Ba agogo muke da shi ba, kunne muke da shi. Da asuba kukan icen bakin rijiya ne, igiya tana cinsa, sa yana jan wasaki daga ƙasa mai nisa. Da hantsi luguden mata. Da rana shiru, sai kurciya. Da yamma raƙuman Buzaye suna gunaguni a bayan gari, masu su sun kawo cuku za su koma da gero. Gero kuwa akwai shi a lokacin. Rumbun Baba uku ne, ba a taɓa buɗe na ukun ba sai na bana ya shigo. Aikina ɗebo ruwa, surfe, tatsar awaki, da cire ƙarangiya daga gefen zane. Ban kai aure ba, amma na fara ɗaukar babban tulu. Inna takan ce ruwa ba a zubar da shi, sai dai a ba wani abu ya sha. Ko na wankin hannu ne, akwai kabewa a bayan ɗaki tana jira. Yanzu an kafa famfo a bakin gari, yara suna barinsa a buɗe suna wasa. Na daina yi musu magana.

Yayana shi ne ɗan fari. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Kowace uwa tana yi, amma Inna ta fi kowa riƙo, don uwarta Bafulatana ce. Ana yaye shi aka kai shi wurin kaka. Da mai gari ya nemi yaran da za a kai lekol, makarantar boko, shi aka bayar. Ya yi Tanut, daga nan aka wuce da shi Damagaram. Sai hutun damina muke ganinsa. In ya zo, Inna takan dama masa fura da nonon da ta hana kowa, ta miƙo mini ta ce, "Kai wa wancan." Sunansa ke nan a bakinta. Wancan.

Shekarar da nake magana, ruwa ya yi sau uku ya ɗauke. Gero ya kai gwiwa ya tsaya yana kallon sama. Ba noman kirki, don haka Yaya ya samu lokaci. Ya zo da wani ɗan akwatin kwano da mushensu, malaminsu na lekol, ya ba shi don ya ga hannunsa yana da kyau. A ciki launuka ne a daskare kamar ƙananan gutsattsarin sabulu, sai an ɗiga musu ruwa su tashi. Akwai buroshi mai gashi kamar na wutsiyar ɗan akuya. Akwai kuma kwalin alli, amma ba fari ba irin wanda Inna ke shafa wa yatsu in za ta yi kaɗi. Wannan akwai ja, da shuɗi, da ruwan ƙasa, da ruwan goro, ga laushi kamar ya narke a hannu. Da takarda mai kauri guda ɗaya da ya yi ta ɓoyo a ƙasan jaka.

Ya ce mu zai zana, ni da Inna. Baba ya ce, "A yi. Amma kada a rataya mini a ɗaki, mala'iku ba sa shiga." Na ce ya zana mu a tsakar gida mana, inda ake gani. Ya ce a'a, rana tana cinye fuskar mutum. Ɗakin Inna yake so, bayan la'asar. A lokacin rana ta sauko, tana ratso asabarin ƙofa, ta bugi bangon ƙasa ta dawo a sanyaye. Komai na ɗakin sai ya yi ruwan zuma, jeren kwanoni, randa, har ƙurar da ke yawo. Shekara nawa ina shiga ɗakin nan, ban taɓa ganin haka ba sai da ya nuna mini.

Ya kifa turmi a gefen ƙofa ya zauna. Inna tana kan tabarma tana kaɗi. Ni ina gefenta da lefen auduga ina cire gurya. Yana zama ta juya fuskarta bango.

"Ke," ta ce da ni, "ce wa wancan yana tare mini haske."

"Inna, hasken nake so, ba cinye shi zan yi ba," in ji Yaya. "Ki ɗan juyo kaɗan."

"Wa ke magana? Kaza ce ta shigo?"

"Yaya ne ya ce ki juyo," na ce.

"Gaya wa mutanen lekol, a nan ba a juya mutum kamar waina."

Yaya ya yi dariya har buroshi ya faɗi. Kafaɗar Inna ma na ga tana motsi. Amma ba ta juyo ba.

Faɗanmu ni da shi a kan ruwa ne. Kullum sai ya ɗebi ludayi guda a randa. Rijiya ta ja baya a shekarar, tun asuba nake bin layi. Na ce, "Ni na ɗauko shi a kaina, kai kuma kana shayar da takarda." Ya ce, "Ludayi ɗaya ne, sarkin faɗa. In na zama mushe zan saya miki jaki da tuluna huɗu." Na ce ya riƙe jakinsa. In ya gama, ruwan ya zama kamar na rini, Inna sai ta ce, "Kada ki zubar. Kai wa kabewa." Na ce za ta haifi shuɗin ɗa. Ta ce ko shuɗi ne za a ci.

Na ga yadda yake aikin, don ba ni da abin kallo sai shi. Ya fara jiƙa takardar. Ya shimfiɗa launi mai rauni, kamar ruwan tsamiya, ya jira ya bushe. Ya ƙara wani a kai, ya sake jira. Jiran ya fi aikin yawa. Inda haske ya faɗi, ba ya taɓa wurin sam. Ya ce haske ba a shafa shi, barinsa ake yi. Duhun ƙarƙashin gado ya zo daga baya, da inuwar randa. A hankali ɗakin ya fito. Zanen Inna baƙi na saƙi ya fito. Hannuwanta suka fito, ɗaya sama da zare, ɗaya ƙasa a kan mazari, har tabon ƙunar da ke bayan hannunta. Ni ma na fito, baki a tunzure, yadda nake. Sai a ƙarshe yake ɗauko allin nan ya ɗan ja a bakin kwano ko a kan zare, wurin ya yi ƙyalli. Yamma shida muka yi. Ya yi ɗankwalin Inna, ya yi wuyanta. Gurbin fuska ya bar shi fari.

Ran tafiyarsa ta zo. Kamyo, babbar motar kayan da ke dawowa daga kasuwar Belbeji, yakan tsaya a bakin garinmu bayan la'asar, ba ya kuma jiran kowa. Baba ya riga ya yi gaba da jaka. Inna ta ƙulla guzuri tun safe, cuku da ƙuli-ƙuli, ta ba ni na kai. Tana zaune tana kaɗi kamar kowace rana. Yaya ya durƙusa a bakin ƙofa da takardar a hannu.

"Inna, zan tafi."

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce wa bango.

Bai tashi ba. Ya ce, "A lekol an ce kowa ya faɗi kamannin uwarsa. Na tashi na tsaya. Na san ƙeyarki. Na san hannunki. Sai na koma na zauna."

Mazari ya tsaya. Muka ji hon ɗin kamyo daga nesa.

"Ke," in ji Inna, "je ki duba ko akuyar nan ta kwance."

Akuya ba ta kwance ba, na sani, ni na ɗaure ta. Na fita na tsaya a bayan asabari ina leƙe. Ta ajiye audugar. Ta juyo. Ta kalle shi sosai, ido cikin ido, kamar mai shan ruwa bayan doguwar tafiya. Bai nemi ludayi ba. Launin ruwa yana son jira, ba kuwa lokaci. Kwalin alli ya jawo. Ya ja ruwan ƙasa, ya ja ja, ya murza da ɗan ƙaramin yatsa, ya ɗaga ido, ya sake ja. Kamyo ya yi hon na biyu. Ya yi na uku. Yaya ya hure takardar ya miƙe.

"Ka rame," in ji Inna. Shi ta gaya wa, ba ni ba. "Ka riƙa cin abinci."

Iyakar maganar da ta taɓa yi masa ke nan da bakinta.

Ya fito ya same ni, bai tambayi me nake yi a nan ba. Ya miƙo mini takardar. Inna ce. Ba kama ba, ita ce, tana kallona daga cikin hasken nan. Ya ce, "Riƙe mini. Kada ruwa ya taɓa ta, ko ɗigo. In na dawo zan fesa mata ruwan ƙaro ta kama." Ban tambayi me zai kama ba. Ya ruga, guzuri yana dukan bayansa.

Ba mu yanki gero ba a shekarar. Aka buɗe rumbu na uku. Da bazara sanƙarau ya shiga Damagaram. Wani direba ya kawo mana jakar Yaya, da akwatin launukan a ciki. Inna tana daka sa'ad da Baba ya faɗi rasuwarsa. Mata suka fara kuka. Ita ba ta ajiye taɓarya ba, don uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane. Ta gama dakan, ta tankaɗe, ta rufe. Bayan kwana uku, muna mu biyu a ɗaki, ta ce, "Ina takardar nan?" Na ɗauko. Ta daɗe tana kallo. Ba ta da madubi, ban sani ba ko ta taɓa ganin kanta in ba a ruwan randa ba. Ta ce, "Ashe ya gan ni." Ta miƙo mini. Ba ta sake tambaya ba.

Damina ta biyu ma ta ƙi. Muka ci anza, muka sussuke ƙarangiya muka ci. Sa ya mutu, ba mai jan wasaki. Muka ɗora abin da ya rage a jaki muka yi kudu da ƙafa, mu da rabin gari. Akwatin launuka na bar shi a ɗaki, ba mai iya tashinsu. Takardar na sa ta tsakanin faifai biyu, na naɗe da fatar akuya, na goya. Inna ba ta kai ba. A gindin wata aduwa ta ce za ta ɗan zauna. A nan aka rufe ta, Baba da waɗansu maza biyu da ba mu san su ba. Na nemi aduwar nan da muna dawowa. Aduwa tana da yawa a hanyar.

Shekara biyu muka yi a kudu, a bayan wani gari, cikin bukkar kara. Can ana ruwa. Bukkar tana yoyo. In hadari ya taso nakan duƙa a kan fatar nan, ruwa ya dake ni a baya har ya ɗauke. Ko ɗigo bai taɓa ta ba. Wannan na cika. Amma ba ni da kabarin da zan je. Don haka kullum in na yi sallar asuba, Baba yana masallaci, sai in kwance fatar. In karanta abin da na iya, Fatiha da Ƙulhuwallahu. A gida in an yi addu'a akan tofa a hannu a shafa wa wanda ake so. Ni ba na tofi, don Yaya ya ce ban da ruwa. Hurawa kawai nake yi a yatsa, in shafa mata a fuska, daga goshi zuwa haɓa. Sau ɗaya, a hankali. Gari bai gama wayewa ba. Nakan ga ja-ja a yatsana, in ce ƙasa ce. Hannun da ke aikin gonar mutane ba ya rabuwa da ƙasa.

Da muka koma gida, ɗakin Inna ya rufta. Goggo, ƙanwarta, ita ma ta dawo daga wani wajen. Ta ji labarin takardar ta ce in nuna mata ƴar'uwarta. Na kwance fatar a tsakar gida, rana tsaka, karo na farko a cikin haske. Ta karɓa ta kai kusa da ido, ta kai nesa.

"Ga ki nan, da bakin nan naki," ta ce. "Ga hannunta, har tabon. To ina fuskar?"

"Ga ta nan."

"Ina?"

Na duba. Wani dabbare ne ruwan ƙasa, mai santsi, daidai faɗin yatsana. Ba ido, ba hanci, ba baki. Duk abin da aka yi da ruwa yana nan. Abin da aka yi da alli ya bi hannuna. Kullum ina buɗewa ina ganinta, don tana cikin kaina, idona yana cike abin da babu. Goggo ta kalli yatsana, ta kalle ni. Ba ta zage ni ba. Da ta zaga da ya fi.

Na ce ba komai, tunda tana cikin kaina. Na yi aure, na haihu, na binne uku, na raya huɗu. Ban san ranar da ta fita daga kan ba. Ba sallama take yi ba. Wata rana dai na nema na rasa. Muryarta tana nan. Ƙeyarta tana nan. In na ce ta juyo, sai dabbaren nan ya juyo. Tawa fuskar kuwa, wadda ba ta da amfani ga kowa, tana takardar har yau, yarinya mai tunzuraren baki da ba ta san abin da ke zuwa ba.

Matan yanzu ba sa kunyar ɗan fari. Suna kiran sunansa a tsakar kasuwa, suna ɗora shi a cinya a ɗauke su hoto. Na daɗe ina ganin rashin ta-ido ne. Ni na riƙe yadda na tarar. Ɗana na fari direba ne, yana Tanut da iyalinsa. Ban taɓa kiran sunansa ba. Duk sallah in ya zo sai ya ɗaga waya, ni kuma in juya. Matarsa takan ce hoton ɗankwalina ya fi ashirin a wayar nan.

Sallar da ta wuce suka zo. Bayan la'asar muna cikin ɗakina, ni da shi da ita, na sa aka sauko da fatar don in duba ko gara ta shiga. Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Iya, akwai masu gyaran tsohon hoto a Damagaram, da na'ura. In kin faɗi kamanninta za su mayar."

Na ce wa matarsa, "Ce masa doguwar fuska gare ta." Na tsaya. "Da wushirya." Na sake tsayawa. Ban sani ba ko Goggo ce mai wushiryar. Na ce, "Ce masa ya bari. Fuskar wata za su sa mini."

Ya naɗe fatar yadda ya same ta. Bai ɗaga waya ba a wannan karon, tana dai kan gwiwarsa. Rana tana ratso labule, ta bugi bango ta dawo. Ba irin na ɗakin Inna ba ne, wannan bangon siminti ne, amma ya yi kusa. Na ga hannunsa a kan fatar. Na san hannun. Na san ƙeyarsa, don ita nake kallo in zai shiga mota. Na ce a raina, shi ma abin da ya sani ke nan.

"Ke," na ce wa matarsa, "je ki duba tukunyar nan."

"Ai na sauke, Iya."

"Je ki duba."

Ta kalle ni, ta fita. Na juyo. Wuyana ya yi nauyi kamar na ɗauki tulu. Na kalle shi. Na duba ko zan ga Inna a wani wuri, goshi ko ido. Ban gani ba. Ubansa ya ɗebo.

"Ka yi furfura," na ce.

"Ta kai shekara goma, Iya."

Na ce ya ɗauka. Ya ɗaga wayar, ya sauke, ya goge ido da hannun riga.

"Riƙe da kyau," na ce. "Ba motar da ke jira."